Amsoshin tambayoyinku: wane kayan gyara ya kamata mai gyaran kwamfuta ya ajiye a shago?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi shekara 3 ina koyon gyaran kwamfuta wurin maigidana, bana ya sallame ni, na kama ɗan shago a kan hanyar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a nan Maradi. Bayan kuɗin haya da kayan aiki, jika 400 na sefa suka rage mini. Ina so in shiga Kano in yo sarin kayan gyara, amma kowa da shawarar da yake ba ni. Me zan sayo, me zan bari? — Wani matashi daga unguwar Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka, ya sa ka fara a sa'a.

Kafin ka nufi tasha, sayi littafi da biro. Duk kwamfutar da ta shigo shagonka ka rubuta sunanta da lambar samfurinta da abin da ya same ta, har wadda ka mayar don ba ka da kayanta. Ita ma wannan ta fi muhimmanci, don ita ce cinikin da ya wuce ka. Idan ka yi wata biyu kana haka, littafin zai gaya maka abin da ni da maigidanka ba za mu iya gaya maka ba, saboda mai shago kusa da jami'a da mai shago a bakin babbar kasuwa ba mutane ɗaya ke zo musu ba. Kai ɗalibai ne za su cika maka benci da laftof na hannu, galibi HP da Dell da Lenovo waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu. Wancan kuwa injin buga takardu da kwamfutar tebur zai fi gani.

Amma na san jinin matashi, ba za ka iya jiran wata biyu ba. To ga abin da nake tambayar kaina game da kowane kaya kafin in zuba kuɗi a kansa: yana shiga kwamfuta iri-iri, ko guda ɗaya tak yake yi wa? Idan ya yi wata shida a kan kanta, yana nan yadda yake? Sannan mai kwamfutar zai iya haƙuri kwana uku in aika a kawo, ko zai wuce shagon gaba?

Caja ce ta ci duka ukun, kuma ita ce farkon abin da ke mutuwa a garin nan. Yadda ake ɗauke wuta a maido ta da ƙarfi, da yadda ake jona komai a janareto, caja ke fara shan dukan. Ɗalibin da cajarsa ta ƙone ana gobe zai miƙa aiki ba ya ciniki mai tsawo. Sai dai caja ba ɗaya ba ce. HP na aiki da bolt 19.5, da baki iri biyu: babba mai faɗin milimita 7.4 na tsofaffin, da ƙarami mai shuɗin baki na 4.5. Dell ma 19.5 ce da waɗannan bakuna biyu, a ido kamar tagwaye, amma siririyar allurar da ke tsakiya ba magana ɗaya take yi ba. Ka sa wa Dell cajar da ba ta gane ba, za ta kunnu, ta ƙi caja batir, ta kuma rage gudu har mai ita ya dawo yana cewa ka lalata masa inji. Lenovo na son bolt 20, yawancin ThinkPad ɗin da ke hannun mutane masu baki mai kusurwa huɗu ne, rawaya daga ciki. Acer da Asus da Toshiba 19. Sababbin kuma sun koma USB-C. Ka fi yawaita na HP da Dell masu wat 65, ka ɗauki Lenovo kaɗan, USB-C biyu ko uku, sauran ɗai-ɗai. Kuma ka ɗaga kowace ka ji nauyinta a hannu. Wadda ka ji sakayau kamar kwalin ashana, ajiye musu abinsu. Araha ba ta ado, kuma in ta ƙona kwamfutar mutum, sunanka za a kira, ba na mai sarin ba.

Bayan caja sai SSD, wanda ake cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa shi. Nan ne ribar take, don aikin minti 30 ne amma mai kwamfuta yana ganin bambancin da idonsa: injin da ke ɗaukar lokacin dafa shayi kafin ya buɗe, sai ga shi ya buɗe kafin a gama gaisawa. Mai inci 2.5 na SATA, girman gigabait 256, shi ke shiga kusan duk tsohon laftof da kwamfutar tebur. Siririn nan kuma da ake kira M.2 iri biyu ne, akwai SATA akwai NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Shi kada ka tara, biyu sun isa.

RAM, ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita, shi ma haka, ba ya lalacewa a ajiye kuma aljihun riga ma ya ishe shi. Ka duba takardar da ke jikinsa. In ka ga PC4, DDR4 ne. In ka ga PC3L, DDR3 ne mai bolt 1.35. In ka ga PC3 babu L, mai 1.5 ne. Ga dabarar: laftof masu ƙwaƙwalwar Intel zubi na 4, irin su EliteBook 840 G1 da Latitude E7440 da ThinkPad T440, ba sa yarda sai da mai L, shi kuma mai L yakan yi aiki a mafi yawan waɗanda suka girme su. Saboda haka kuɗinka su tafi kan PC3L da PC4, masu gigabait 4 da masu 8.

Sai tarkacen da ba a ɗauka da daraja, alhali su ke hana aiki kwana: ƙaramin batirin CR2032 mai riƙe agogo, man shafawa a kan ƙwaƙwalwar inji don rage zafi, igiyar wuta, linzami, ramukan caja na HP da Dell, sukurori. Man nan kada ka yi wasa da shi. Da hunturu ya shigo ƙura ke toshe fanka, da bazara ta zo injin ya riƙa mutuwa da kansa, rabin waɗannan shara ce kawai da sabon mai.

Gilashin fuska kuwa, ka ɗauki siriri mai inci 14 ɗaya da mai 15.6 ɗaya, duka masu haƙora 30, ka tsaya nan. Yana da tsada, yana fashewa a mota, kuma akwai masu haƙora 40, akwai masu kunnen sukuru da marasa shi. Duk wanda ya kawo fasasshe, buɗe ka karanta lambar da ke bayan gilashin, ka karɓi rabin kuɗi, sannan ka aika. Babban allon ciki, wanda muke ce wa kart-mer, ko kusa kada ka saya don ajiya.

Kuma kada jikar nan 400 ta tafi Kano gaba ɗaya. Bar kashi ɗaya cikin uku a gida. Ranar da aka kawo maka aikin da ke son kayan da ba ka da shi, su za su ɗauke ka.

Tambaya: Barka da aiki Malam. Kusan kullum sai an tambaye ni batirin laftof, ni kuma ba na ajiyewa. Wani a Kano ya ce zai yi mini ragi in na ɗauki guda 20. In karɓa? — Mai gyara daga Sabon Gari

Amsa: Barka kadai. Kar ka karɓa, kuma ba da ka nake magana ba, na taɓa ɗanɗanawa.

Wata shekara na ɗauko batura 12 wurin wani mai sari, ina ta murna da ragin da aka yi mini. Na jera su a kantar sama, dab da kwanon rufi, don masu wucewa su gani. Huɗu suka fita kafin azumi. Sauran suka sha zafin Afirilu da Mayu a wurin, kuma ka san yadda Maradi take a lokacin, ma'aunin zafi na wuce 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Da damina ta faɗi na sauko da su, biyu sun kumbura kamar fanke, ɗaya ko motsi ba ya yi, sauran kuma minti 40 sai su ce ga garinku nan. Wani malamin makaranta da na sa wa ɗaya ya dawo bayan kwana uku, bai ce komai ba, ya ajiye laftof ɗin a kan tebur ya zauna yana kallona. Gara a ce zagina ya yi.

Batirin lithium yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma na gaggauta masa. Ba ka kuma san wata nawa ya yi a sito kafin ya iso hannunka ba. Ga shi kowane samfuri da nasa: EliteBook 840 G1 da G2 na cin CM03XL, amma G3 sai CS03XL. Harafi ɗaya ne tsakani, ba sa shiga wa juna.

Abin da za ka yi, duba wane samfuri biyu ko uku aka fi tambaya, ka ajiye ɗai-ɗai ko bibbiyu. Ka sa su ƙasa, wuri mafi sanyi a shagon, da caji kamar rabi, ba cike ba, ba fanko ba. Ka rubuta ranar da ka saye shi a jikin kwalin. In mai ragin nan da gaske yake, ce masa ya ba ka farashin a kan biyar-biyar, kuma ya yarda da canjin wanda bai yi ba.

Tambaya: Malam ina da wurin buga takardu, ƴan mata uku ke yi mini aiki. Kibod ɗin laftof ɗaya ya lalace, mai gyara ya sa wani daga Nijeriya, yanzu haruffan ba sa inda aka saba. Cutata ya yi? — Hajiya, daga unguwar Ali Ɗan Sofo

Amsa: Hajiya, ban ce cuta ba ce, amma ya kamata ya tambaye ki tukuna. Mu nan da tsarin Faransa muka saba, wanda layin farko ke farawa da AZERTY, ga é da è da ç da à a sama. Kasuwar Nijeriya kuwa QWERTY na Ingilishi ne ya cika ta. Injin lafiyarsa lau. A cikin Windows ake zaɓar tsarin, in aka mayar da shi na Faransanci yaran da suka haddace wurin haruffa za su ci gaba da bugu ba tare da sun kalli hannu ba. Ga wadda ba ta haddace ba akwai ƴan takardun manni da ake liƙawa a kan madannan. Mafi sauƙi ma, tunda wurin aiki ne ba yawo ake da shi ba, ki sayi kibod na USB mai AZERTY a jona. (Ko wanne kika ɗauka dai babu ƙ da ɗ da ɓ a kansa, wannan kukan namu ne na daban.)

Ga masu gyara kuma: kibod na laftof kaya ne na samfuri ɗaya, ba na tarawa ba. Na USB mai AZERTY shi ne abin ajiyewa, biyar ma ba su yi yawa ba. In za ku aika a kawo na ciki, ku ɗauki hoton tsohon, don siffar madannin Enter ta bambanta, kuma a wasu injinan firam ɗin ma ba ya karɓar ɗayan.

Tambaya: Ana yawan kawo mini matattun laftof a ce in saya. Asara ce ko riba? — Daga Mokoyo

Amsa: Riba ce, in samfurin da ke yawo a gari ne. Mushen EliteBook ko Latitude guda ɗaya zai ba ka gilashi, kibod, fanka, maƙalan murfi, igiyar gilashi, lasifika da murfin baya, duk na asali, kuma su ne dai irin kayan samfuri ɗaya da bai kamata a tara sababbi don ajiya ba. Ka kwance shi ranar da ka saya, ka gwada kowane ɓangare, ka sa a leda ka rubuta samfurin. In ka jibge su a lungu sai ƙura da ɓera su gaje ka.

Abu biyu. Wanda ruwa ko shayi ya shiga, rage kuɗin sosai. Kuma ka san wanda ya kawo, ka rubuta sunansa da lambarsa. Yaron da ya zo da laftof babu caja, yana waige-waige, ya ce ko nawa ne ka ba shi, sallame shi da fatan alheri. Faifan ajiyar da ke ciki kuwa ka miƙa wa mai shi, ko ka goge shi a gabansa.

Tambaya: Tunda naira ta faɗi a kan sefa, ba gara in kwashi kaya masu yawa yanzu in ajiye ba, kar a sake rufe iyaka? — Wani ɗan kasuwa

Amsa: Tsoronka na da tushe, Alhaji. Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma duk mai shago a Maradi ya ji a jikinsa da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta tsaya. Sefa na ɗaure da yuro, naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta kasuwa ke yi mata farashi, shi ya sa lissafin jiya ba ya yi yau. Amma ka tuna mai sarin Kano ma da dala ya shigo da kayan, in naira ta faɗi shi ma ƙarawa yake yi, garaɓasar ba ta kai yadda ake zato ba.

In za ka ƙara, ƙara a kan caja da SSD da PC4, na wata uku zuwa huɗu. PC3L kuwa ka yi a hankali da shi. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga Intel zubi na 8 take farawa. Tsofaffin injinan ba za su ɓace daga Maradi gobe ba, amma ofisoshi da ƙungiyoyi za su fara sauya nasu, kuma kayan hannun da za su riƙa shigowa nan gaba masu DDR4 ne da cajar USB-C.