Maganar taimakon tare sara a gem ɗinka

Yaro, ka ce in ka sa wa gem ɗinka abin nan da ke zaɓa wa ɗan wasa gefen da zai tare sara, kana tsoron faɗan ya zama na banza. Ni dai na ce ka sa shi, amma a cikin setin, wanda yake so ya kunna wanda ba ya so ya kashe.

Ka duba Mount & Blade: Warband na kamfanin TaleWorlds da ya fito a 2010, gefe huɗu ne, sara ta dama, ta hagu, ta sama, sai suka, kuma in ba garkuwa a hannunka dole makaminka ya fuskanci inda bugun ke zuwa in ba haka ba ka sha shi. Sun ba da zaɓi, ko ka juya maus da kanka ko ka bar wa otomatik. To otomatik ɗin gefe kawai yake zaɓa, danna maɓallin tarewa a kan lokaci, ja da baya, sanin yaushe za ka rama, duk suna wuyanka. Haka nake so naka ya zama.

Inda aikin yake shi ne yaudara. Abokin faɗa ya ɗaga takobi ta dama, ka danna, sai ya fasa ya sauya ta hagu. In kod ɗinka yana bin takobinsa duk inda ya juya muddin an riƙe maɓalli, ka kashe faɗan, ba mai taɓa kowa, mutum zai danne ya tsaya kamar gunki. Sai ka sa gefen ya kulle a daidai lokacin da aka danna, in maharin ya sauya dole ɗan wasa ya saki ya sake dannawa. Da haka sabon shiga zai samu sauƙi amma gwani zai ci gaba da cin shi.

Sai kuma in mutum biyu ko uku suka taso masa, wa kod ɗin zai saurara? Kar ka ce mafi kusa kawai, wanda bugunsa zai fara sauka kuma yana gabanka shi za a bi, na bayanka kuwa ba ruwan taimako da shi, ya same ka.

Na onlayin daban ne fa, can ba kowa da setinsa ba, a bar wa mai sabar, wato wanda ya buɗe wasan da ake shiga, ya yanke wa kowa doka ɗaya, in ba haka ba rigima ba za ta ƙare ba. Kuma don Allah kar ka rubuta wani suna na raini a jikin zaɓin, akwai mai wasa da kwantirola, akwai mai ciwon hannu, akwai wanda yaƙin runduna ne ya kawo shi ba fito-na-fito ba.

Ka je ka gwada, kunna shi ka danne maɓalli ka tsaya gaban bot, wato abokin faɗan da kwamfuta ke sarrafawa, ba motsi. In ya kasa taɓa ka, dawo mu duba kod ɗin tare.