Kwabo Mai Huji Da Sulen Kaka

Tambaya: Malam, na sayi tsohon kwabo a kasuwar Kurmi, hujinsa ya karkace gefe. Sulen kakata ma da huji. Wanne ne kuskuren masana'anta? Daga wata mai karatu, Fagge.

Amsa: Hajiya, sulen nan cire shi daga lissafi. Anini, ɗari (wato rabin kwabo) da kwabo na zamanin Turawa da hujinsu aka buga su, sule kuwa babu. Maƙeri ne ya huda shi don a rataya a wuya, kuma hakan rage masa daraja yake.

Kwabon ne abin dubawa. Shafa bakin hujin da yatsa. Idan sumul yake, launinsa ɗaya da sauran jikin, mai yiwuwa tun daga inji ya karkace. Idan kuwa da ƙusa aka huda shi, takan tura ƙarfe ya taso ta baya, ta lanƙwasa rubutu.

Don Allah kada ki goge shi da toka ko lemon tsami, masu saye ba sa so.