Birki kafin tanki

Wato tambayarka, a kan taragon da ke hawa tudu a layin dogo da nauyin ruwa, ita ce lita nawa za a zuba a tanki kafin tarago ya motsa. Kai yaro, wannan ai lissafin ɗan firamare ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tarago biyu a igiya ɗaya, igiyar ta zagaya fuli, wato ƙafar ƙarfe mai juyawa, a saman tudu, ka cika tankin na sama har ya rinjayi na ƙasa da mutanen cikinsa, ya gangaro ya janyo ɗan'uwansa kamar guga biyu a rijiya. In ya iso ƙasa a zubar da ruwan. Idan wannan ma sai an zaunar da kai an koya maka, gara ka koma cajin waya.

Da ka tambaye ni me zai tsayar da shi, da na ce ka fara hankali.

Igiyar ƙarfe tana da nauyinta. Sa'ad da tarago yake sama, tsawon igiyar duk yana wajen na ƙasa, shi ya sa sai ka ƙara ruwa kafin ya tashi. Yana gangarowa igiyar na komawa ɓangarensa, nauyi na ƙaruwa, gudu na ƙaruwa, daidai inda kake so ya tsaya. Waɗanda suka san aikin sun gane haka tun zamanin kakanninmu. Na Bom Jesus a Braga, ƙasar Fotugal, tun 1882 yake aiki da ruwa, kuma injiniyansa Riggenbach ya shimfiɗa ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layin domin birki ya sami abin kamawa. Na Lynton a Ingila, na 1890, tudunsa ƙafa 500, tanki galan 700, ruwan daga kogi yake zuwa ta bututu ba tare da famfo ba, birkinsa kuwa a damƙe yake da layi sai direba ya sake shi. Na Fribourg a Suwizalan ma, na 1899, da ruwan ƙazantar gari yake tafiya. Ruwa kowane iri ne ya yi. Birki ne ba a wasa da shi.

Ni wannan maganar har gobe ciwo take min. Wani attajiri a Filato, ba zan kama sunansa ba, yana gina wurin shaƙatawa a kan dutse, akwai rafi a sama da ba ya ƙafewa. Ya gaji da kuɗin dizal da na 'yan dako, ya ce in yi masa irin wannan tarago, a riƙa kai siminti sama, daga baya a ɗauki baƙi. Na auna gangaren, na shimfiɗa layi, na yi waldar tankuna da hannuna. Na rubuta masa birki biyu, ɗaya a fuli, ɗaya mai kama layi ko da igiya ta tsinke, da sabuwar igiya. Ya ba ni kafin alƙalami, sauran ƙarfen na ciwo bashi a kan sunana.

Da aka zo kan birki na biyu sai ya ce tsada. Wai ɗansa ya duba a waya, ɗaya ya isa. Na ce ban sa hannu ba. Na tafi gida jana'izar yayata, kafin in dawo ya kawo wani yaro mai walda a bakin titi, sun sayo igiyar gwanjo da aka cire daga tsohon kireni, duk ta fara fitar da gashi, sun ɗaura. Suka loda wa na ƙasa siminti, ya ƙi tashi, suka yi ta ɗura wa na sama ruwa har ya yi ambaliya. Ya tashi kuwa! Kafin rabin hanya birkin fuli yana hayaƙi, igiya ta ce ga garinku. Tarago biyu suka gangaro, ɗaya ya rushe katanga. Allah ya kiyaye, buhuna ne a ciki ba mutane ba.

Ka san abin da mutumin nan ya yi? Ya zagaya gari yana cewa aikina ne ya gaza. Cikon kuɗina ya hana. Layin da na shimfiɗa ya sayar wa 'yan gwangwan a kilo, ni kuma na sayar da injin waldana mafi kyau na biya mai ƙarfe. Har yau in na gan shi a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu.

Ku 'yan yanzu wata uku a shago kun buga kati kun sa injiniya. Duk wanda ya kawo maka irin aikin nan, ka karɓi kuɗin birki da igiya gaba ɗaya kafin ka yanka ƙarfe ko ɗaya, a rubuce, da shaidu. Sannan ka je ka ga rafin da idonka a watan Maris, kada ka yarda da na Agusta.