Me Ya Durƙusar da Tattalin Arzikin Amurka a 1929?

Tambaya: Malam, shin masana sun yarda da dalili ɗaya da ya jawo durƙushewar tattalin arzikin Amurka a 1929?

Amsa: Ina! Har gobe ana ja-in-ja. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya ɗora laifin kan ƙarancin saye: mai masana'anta ya ga kaya jibge a sito, ya sallami ma'aikata, su kuma suka daina saye, abin ya yi ta zagayowa. Maganinsa, gwamnati ta kashe kuɗi ko da bashi ne.

Milton Friedman da Anna Schwartz a 1963 suka ce babban bankin Amurka ne ya yi sakaci. Ya zuba ido dubban bankuna suka rufe, kuɗin da ke yawo ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin 1929 da 1933, rashin aikin yi ya kai kusan kashi 25 cikin ɗari. A ganina hujjarsu ta fi ƙarfi kan zurfin matsalar, ko da ba ta gama bayyana mafarinta ba.

Friedrich Hayek kuwa cewa ya yi bashi mai araha ne ya ruɗi 'yan kasuwa suka zuba jari inda ba riba.