Ƙarar Inji Za Ta Iya Cajin Waya?

Tambaya: Malam, ina da injin niƙa a kasuwar Gadarif. Wuta ba ta zama, ƙarar inji kuwa tun safe har La'asar. Babu dabarar mayar da ƙarar nan lantarki, ko waya in samu in yi caji?
Mai karatu daga Gadarif, Sudan

Amsa: Ɗan'uwa, tunaninka yana kan hanya. Makirfon liman ma sauti yake mayarwa lantarki. Tun 1880 Pierre da Jacques Curie suka gano a Faransa cewa wasu ma'adinai suna fitar da wuta idan an matse su. Ita ce dabarar da ke cikin laitar kunna gas, ka danna, ta ce ƙyat, tartsatsi ya fito. Sauti ma matsi ne, sai dai ta iska yake zuwa.

Matsalar, sauti kunne yake cikawa, ƙarfinsa kaɗan ne. Ƙara mai desibel 100 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), wadda sai da ihu ake jin juna, kashi ɗaya cikin ɗari na wat take saukewa a kan murabba'in mita. Ranar tsaka tana zuba kusan wat 1000 a wuri ɗaya ɗin. Caja kuwa wat 5 take nema.

Da ni ne kai, juyin injin zan ci moriya. Nemi makanike ya haɗa altanetar mota, wato na'urar da ke cajin batirin mota, da bel ɗin injin, ta riƙa cika batir kana niƙa. Injin zai ɗan ƙara shan mai. In da hali, ɗora sola a rufin shago.

Don Allah kuma ka riƙa toshe kunne. Yini cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 yana cinye ji, kuma ba ya dawowa.