Tun daga taron farkawa ɗana ya daina barci

Gwaggo, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni matar aure ce a nan Katsina, asalinmu mutanen wajen Malumfashi ne. Watan jiya majami'armu ta yi taron farkawa, aka gayyato mai wa'azi daga nesa. Gwaggo, bawan Allahn nan ba shi da zance sai wuta. Ya sa aka kashe fitilu, ya ce kowa ya rufe ido ya ɗanɗana duhun Jahannama. Ya rage murya kamar mai raɗa, can sai ya daka tsawa ana dukan ganga. Ya ƙyasta ashana ya ce wa zai iya ɗora yatsa a kai, to ina ga har abada? Mata suka yi ta kuka, har da ni.

Ɗana mai shekara 9 yana gefena. Tun ranar bai yi barcin kirki ba. Tsakar dare sai in ji yana taɓa ƙafata, wai yana duba ko an yi fyaucewa, wato an kwashe masu bi zuwa sama, an bar shi. Fitsarin kwance da ya bari tuntuni ya dawo. Na gaji da shanya katifa, har na ce masa in bai daina ba shi kaɗai za a bari. Na yi wa Babansu magana, ya ce aikin Ruhu ne, tsoron Allah ke shigar yaron. Shi ma daren ƙarshe ya fita gaba ya yi alkawarin kuɗin buhun masara biyu, ban sani ba. Mai wa'azin ya karɓi ambulan ɗinsa ya hau mota, ya bar ni da yaro. Wuta, wuta, sai ka ce babu komai a Littafi Mai Tsarki sai ita. In je wurin Fasto, ko za a ce ina yaƙi da aikin Allah?

Maman yara, Katsina

'Yata, ba zan shiga tsakaninki da mai gidanki ba, ba kuma zan yanke wa mutumin da ban ji da kunnena ba hukunci. Gargaɗi yana cikin bishara, Yesu da kansa ya ba da labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16. Salon ma tsoho ne. A 1741, a garin Enfield na Amurka, wani mai wa'azi, Jonathan Edwards, ya kwatanta mai zunubi da gizo-gizon da aka riƙe a bisa wuta, jama'a suka yi ta kururuwa har sai da ya dakata. Amma ko shi, a cikin wa'azin nan ya ce Almasihu ya buɗe ƙofar jinƙai.

Kashe fitila da raɗa da tsawa da ashana dabaru ne, kuma wanda ya biyo bayansu da kiran alkawarin kuɗi ya san mutum a firgice ba ya lissafi. Sai mai gidanki ya karanta 2 Korantiyawa 9:7, bayarwa ba ta dole ba ce. Fitsarin kwance kuwa ba ya cikin 'ya'yan Ruhu, a duba Galatiyawa 5.

Sai dai abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar da kika yi kika wuce: "shi kaɗai za a bari." Baƙon ya tsorata yaro ya tafi, ke da yake lalubowa cikin duhu kika tabbatar masa. Iyaye, ku ji ni da kyau. Da can dodo muke kira wa yara, yanzu mun koma kiran Jahannama don yaro ya ƙi aike ko ya ɓarar da kunu. Yaron da aka rena haka yakan girma ko dai yana ɓuya daga Allah, ko ya daina jin tsoron komai.

Yau da dare ki zaunar da shi ki janye maganar nan da bakinki. Ki karanta masa Markus 10:14 da 1 Yohanna 4:18, ki bar shi ya kwana kusa da ke, fitila a kunne. In fitsarin ya ƙi tsayawa, a kai shi asibiti. Wurin Fasto kuwa ki je, amma tare da Babansu, ku roƙa in za a sake irin wannan taro a ware yara a ba su malaminsu.