Tambaya da Amsa: Ƙaramar Tashar Jirgin Ƙasa a Kan Kanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Yayana da ke aiki a Ingila ya kawo mini tsarabar ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, kan jirgi ɗaya da taragan kaya guda shida, an rubuta OO a jikin kwalinsa. Layin da ya zo da shi zobe ne, kuma idan na shimfiɗa shi a ɗakina ba na samun wurin sa ƙafa. Abin da nake da shi kawai bango ne mai tsawon mita ɗaya da rabi. Shin akwai abin da zan iya ginawa a wuri irin wannan, ko kuwa in haƙura in mayar da shi kwali? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka mayar da shi kwali. Zobe ne yake cin wuri, domin jirgi mai ma'aunin OO, wato kashi ɗaya cikin 76 na girman jirgin gaske, yana buƙatar faɗin kusan mita ɗaya kafin ya juya, amma aikin da ake yi a tashar kaya, wato shantin, inda kan jirgi yake turawa da jawo taragai daga wannan layi zuwa wancan har ya jera su yadda ake so, ba ya buƙatar juyawa ko kaɗan. Kanta, wato falon katako da ake kafawa a jikin bango, mai tsawon santimita 120 da faɗin santimita 30 ta ishe ka.

Tsarin da nake ba ka shawarar ka bi shi ne Inglenook, wanda wani Bature ɗan Ingila mai suna Alan Wright ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1970. Layi ɗaya ne yake shigowa daga gefe guda, sai ya bi ta mararraba biyu ya rabu gida uku. Reshe mafi tsawo yana ɗaukar tarago 5, sauran biyun kowanne yana ɗaukar 3, shi kuma layin shigowa, inda kan jirgi yake ja da baya, yana ɗaukar kan jirgin da tarago 3 kacal. Ana zuba tarago 8 a rassan, a rubuta lambar kowanne a 'yar takarda, a yi ƙuri'a a zaro guda 5, sannan a haɗa jirgi a dogon reshe bisa jerin da ƙuri'ar ta bayar. Rassan uku suna da gurbi 11, taragai sun cinye 8, saura gurbi 3 da za ka yi ta dabara da su, kuma jerin da ƙuri'a za ta iya fitarwa ya kai 6,720. Tun da shida kake da su, fara da ƙaramin tsarin: reshe mai ɗaukar 3, biyu masu ɗaukar bibbiyu, tarago 5 a fili, a zaro 3. Amma ka gina layukan da tsawon babban tsarin, ka sa ɗan tsinke ka rage su na wucin gadi, har ka samu ƙarin biyu.

Akwai wani sanannen tsari, Timesaver, na John Allen ɗan Amurka, wanda mujallar Model Railroader ta wallafa a 1972. Yana da mararraba da yawa da layin kewaye, yana da daɗin wasa, amma ban ga dalilin da mai farawa zai ɗora wa kansa shi ba: kuɗinsa ya fi yawa, haɗa wayoyinsa ya fi wuya, kuma bai yi kama da tashar gaske sosai ba.

Kafin kafinta ya sa zarto a katako, ɗauki abin awo ka auna taraganka a haɗe, daga ƙugiya zuwa ƙugiya, domin duk nasarar aikin a nan take. Gajeren taragon Ingila mai ƙafa huɗu yana kai kimanin santimita 9, saboda haka dogon reshe yana buƙatar 45, layin shigowa yana buƙatar 27 tare da tsawon kan jirginka, ita kuma ƙaramar mararraba irin ta kamfanin Hornby ko Peco tsawonta kusan santimita 17 ne. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ba daga bakin mararraba ake fara ƙirga tsawon reshe ba, sai daga inda layuka biyu suka yi nisa da juna har tarago zai wuce bai goge na kusa da shi ba, kuma wannan kan ci wajen santimita 10. Haka nan kada karamci ya sa ka ƙara wa layin shigowa tsawo. Idan ya ɗauki tarago huɗu ko biyar, wasan ya mutu, don ƙuncin wurin ne yake tilasta tunani. Shimfiɗa komai a kan takardar siminti a ƙasa, ka tura taragan da hannu ka gani, sannan ka zana.

Katakon falle mai kaurin milimita 9 zuwa 12 ya isa, a ɗaure shi da sanduna ta ƙasa, a shafe shi da fenti gaba da baya, domin danshin damina da bushewar rani suna lanƙwasa katakon da ba a rufe ba, ga kuma gara. Kantar ta zauna daidai ba karkata, in ba haka ba taragon da ka ajiye zai gangara da kansa. Ka ɗaga ta zuwa wajen ƙirjinka, ka kuma sa shinge a ƙarshen kowane layi. Wajen haɗa ƙarafan layin, bar ɗan tsagi kamar kaurin kati a mahaɗa, saboda ƙarfe yana miƙewa a zafin bazara.

Da yake kan jirgi ɗaya ne, akwatin sarrafa gudu na volt 12 da ya zo da shi ya wadatar, ba sai ka sayi tsarin dijital na DCC, mai sarrafa jirage da yawa a kan layi ɗaya, ba. A shigar da wuta daga ɓangaren layin shigowa, kafin mararraba ta farko, kuma ya fi kyau mai gyaran rediyo ya liƙa maka wayoyin da dalma maimakon a dogara da maɗaurin da ake cusawa. Shantin aiki ne na tafiyar hawainiya, kuma a irin wannan tafiya ƙura kaɗan a kan ƙarfe takan yanke wuta jirgi ya tsaya cik. A lokacin hunturu wannan ita ce babbar matsalarka. Ka yi wa kantar murfi, ka riƙa goge saman ƙarafan da ƙafafun kan jirgin da tsumma mai ɗan sifirit, kada ka taɓa su da sanfefa domin tana ƙarce ƙarfen ya ƙara kama datti. Raba taragai kuwa, ƙugiyar Ingila ana ɗaga ta ne ta ƙasa da 'yar lanƙwasasshiyar waya mai faɗin baki; masu ƙugiyar Kadee ta Amurka su kan yi amfani da maganaɗisu ko tsinken tsire.

Tambaya: Malam, ina so in kwaikwayi wurin lodin gyaɗa na Kano a zamanin dalar gyaɗa. Layin OO da ake sayarwa zai dace? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wurin lodin gyaɗa ya dace da kanta ƙwarai, tun da buhuna da sito da 'yan dako za su cika bayan fage, taragai kuma su samu dalilin shiga kowane reshe. Sai dai dogon da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, ba 1,435 irin na Ingila ko na Abuja zuwa Kaduna ba. Ma'aunin OO kashi ɗaya ne cikin 76, don haka tsohon dogonmu zai zama milimita 14, alhali layin OO da ake sayarwa a kasuwa faɗinsa milimita 16.5 ne. Bambancin bai kai ya hana ka aiki ba, kuma ido ba ya saurin kama shi. Idan kana son daidaito sosai, yi yadda masu wannan sha'awa suke yi a New Zealand, inda dogonsu yake da faɗi irin namu: suna amfani da layin 16.5 ɗin, amma suna ƙera taragai da gine-gine a ma'aunin ɗaya cikin 64. Wannan yana nufin za ka sayi ƙafafu da injin kawai, gangar jikin tarago kuma ka yanka ta da hannunka daga kwali mai ƙarfi ko fallen roba, kana duba tsoffin hotunan tashar.